Sifirin Iska a Motocin Gudu: Lissafin Riba da Hasara

Masu ƙananan motocin gudu a Amurka da Turai sun daɗe suna fama da matsala guda. Motar da aka sassauto da ita kusa da ƙasa ta fi kama titi a kwana, amma cikinta kan gogi duk wani tudu. Shi ya sa wasu ke cire sifirin ƙarfe su sa jakunkunan roba masu cike da iska.

Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin Air Lift na jihar Michigan ya soma ƙera jakunkunan iska na motoci a 1949, kana a 1957 Cadillac ya fito da samfurin Eldorado Brougham da sifirin iska.

Akan sa jaka ɗaya a kowace ƙafa, a haɗa su ta bututai da injin matsa iska da tanki, waɗanda galibi ke cin wuri a but. Direba na latsa maɓalli, mota ta ɗaga ko ta sauka.

Sai dai kashe kuɗi ba ya ƙarewa ranar saye. Akwai ladan makaniki da na daidaita ƙafafu. Roba kan tsage in ta tsufa, bututu kan yi yoyo, ruwa kan taru a tanki. Jaka ɗaya ta fashe, ɓangaren motar ya durƙushe. A Ingila wajibi ne a sanar da kamfanin inshora wannan canji, kuma ba kasafai mai saye na biyu ke mayar da abin da aka kashe ba.

Saboda haka wanda bai ware kuɗin kula da shi ba, sifirin ƙarfe ya fi masa araha.