Kitsen jini na gado: ciwon da ke kama har yaro siriri

Mutane da yawa suna zaton kitsen jini ciwon masu ƙiba ne, masu cin nama kullum. Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wani iri da ake gado daga iyaye, kamar yadda ake gadon sikila. Shi wannan ba ruwansa da ƙiba.

A jinin kowa akwai wani maiƙo da likitoci ke kira kolesterol. Hanta ce ke tace shi. Wanda ya gaji ciwon, hantarsa ba ta tace shi sosai. Sai maiƙon ya riƙa taruwa a hanyoyin jini, kamar yadda laka ke cushe hanyar ruwa a garka. Ranar da hanyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, mutum na iya faɗuwa ya mutu farat ɗaya.

Wanda ya gada daga gefe guda, uwa ko uba, ciwon kan jira shi har ya girma. Ana samun irinsa kamar mutum 1 cikin 300. Wanda ya gada daga uwa da uba duka, nasa ya fi tsanani, don zuciyarsa na iya lalacewa kafin ya kai shekara 20. Irinsa kamar 1 ne cikin 300.000. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maradi mutum miliyan 3 da dubu 400. A wannan lissafi, masu na gefe guda sun haura dubu 11.

A nan Agye, Gazawa da Gidan Rumji muna yawan auren zumunci. In mata da miji duka suna ɗauke da ciwon, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da mai tsananin. Ban ce a bar auren zumunci ba. Amma gidan da maza ke mutuwar farat ɗaya suna ƴan shekara 40, ya kamata su auna jininsu.

Alamar da ido ke gani ita ce ƙulli mai launin ɗorawa a gwiwa, gwiwar hannu, gaɓoɓin yatsu ko agarar ƙafa. Ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi. Ba sammu ba ne. Kada a kai yaron wurin wanzami a tsaga. A kai shi asibiti, a nemi awon kolesterol, ko da za a tura ku Maradi.

Mai na gefe guda, ƙwayar da ake kira statin tana rage masa maiƙon ƙwarai. Kullum ake sha, ba a dainawa don an ji sauƙi. Mace mai ciki, ko mai neman ciki, ta gaya wa likita tukuna.

Mai tsananin kuwa, ƙwaya kaɗai ba ta isarsa. A ƙasashen da ke da hali, ana wanke masa jini da na'ura duk sati ko sati biyu. A 2021 Amurka ta yarda da wani magani, Evkeeza, wanda ake bayarwa ta ƙarin ruwa. Majiyyaci yana zuwa asibiti duk sati huɗu, ya zauna awa ɗaya ruwan na shiga jijiya, ya koma gida. Yana rage maiƙon kusan rabi, amma ba ya warkar da gadon. Haka zai yi ta zuwa iyakar rayuwarsa, yana kuma shan ƙwayoyinsa. Kuɗinsa a can ya haura sefa miliyan 200 a shekara. Wane manomi ne zai iya?

Abinci yana taimakawa, ko da yake ba ya maye gurbin magani. A rage man shanu, kitse da kayan ciki. A yawaita wake, gero, zogale da kuɓewa. A bar taba. In awo ya nuna ciwon ga mutum ɗaya, sai a auna iyayensa, ƴan uwansa da ƴaƴansa, har masu ganin lafiyarsu lau.