Attarugu a Buhu: Lambun da Ɗalibi Zai Iya Riƙewa a Tsakar Gida

Duk wanda ake aika cefane a cikinmu ya san halin attarugu idan damina ta kawo kai. Daga wajen watan Mayu, lokacin da amfanin noman rani ya ƙare, na damina kuma bai iso ba, kashin da aka saba sayowa sai ya koma 'yan ƙwayoyi. Iyayenmu mata su shiga lissafi, miya kuma ta yi lami. Alhali attarugu ba sai da gona ba. Buhu biyar ko shida a gefen katanga, da ɗalibi ɗaya mai kula, sun isa su rage wa gida wannan nauyin.

Asalin attarugu da 'yan'uwansa barkono da tattasai daga nahiyar Amurka ne, ta Tsakiya da ta Kudu. Bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 ne fataken Fotugal suka yaɗa su zuwa gaɓar Afirka da Asiya. A can gidansu, shuka ce mai daɗewa, ba ta shekara ɗaya ba. Wannan ne sirrin da ya kamata mu riƙe: tushen da aka kula da shi yana iya wuce shekara yana ba da 'ya'ya.

Aikin yana farawa ne daga iri. Mu zaɓi attarugun da ya nuna sosai, marar tabo, mu cire ƙwayoyinsa, mu shanya su a inuwa na 'yan kwanaki. Sai mu zuba a tsohuwar roba mai huji a ƙasa, mu rufe da ƙasa kaɗan, kada zurfin ya wuce santimita ɗaya. Attarugu yana da nawar tsiro, yakan kai mako 2 zuwa 3, don haka kada mu yi saurin fid da rai. Ƙarshen damina lokaci ne mai kyau na zuba iri, domin shukar ta yi fure kafin zafin bazara.

Bayan mako 5 zuwa 6, idan ta yi ganye huɗu zuwa shida, dashe ya yi. Mu cika buhun siminti da aka wanke, ko tsohon bokiti, da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen takin dabbobi kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai wanda ya daɗe ya huce. A huda gindin buhun, a dasa tushe ɗaya a kowane buhu, kuma da yamma ake dashe don kada rana ta kwantar da shi. Wurin da za a ajiye ya riƙa samun rana aƙalla awa 6, a kuma kewaye shi da kara ko ƙaya, domin akuya da kaji ba su san wahalar kowa ba.

Wajen ban ruwa ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe. Attarugu ba ya son ƙishi, ba ya kuma son ruwa ya kwanta masa. Mu tura yatsa cikin ƙasar: idan da danshi, mu bari, idan ta bushe, mu zuba a gindi da safe ko da yamma. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun wadatar, amma ban da mai omo.

Ƙwari kuma a bayan ganye suke ɓuya, musamman darɓa da farin ƙuda, waɗanda ke tsotse ganye har ya nannaɗe, su kuma yaɗa cuta. A daka ganyen darbejiya ko 'ya'yanta, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma. Tushen da ya ƙanƙance ya ƙi girma, a cire shi kafin ya shafa wa saura.

Kimanin wata 3 bayan dashe za a fara tsinka, kuma yawan tsinka yana sa ya ƙara fure. Wanda ya yi yawa a shanya, a ajiye. Idan zafin Maris da Afrilu ya tsananta, fure zai riƙa zubewa. Ba mutuwa ba ce. A ja buhun zuwa inda yake samun inuwar la'asar, a rage busassun rassa, a ƙara taki, a ci gaba da ruwa. Da ruwan sama ya sauka zai sake tohowa ya yi fure, ya ba da 'ya'ya tun kasuwa ba ta sauko ba.

Sai mu kula da hannu. Sinadarin kafsaisin, mai kawo yaji, ya fi taruwa a farin naman da ƙwayoyin ke manne da shi, kuma ruwa kaɗai ba ya wanke shi. A shafa mai, sannan a wanke da sabulu kafin a taɓa ido.

Abin da muke haddacewa a darasin kimiyyar noma, ga shi nan a cikin buhu. Minti goma kafin tafiya makaranta ya ishe shi. Ranar da aka tashi haɗa miya ba a aiki kowa kasuwa ba, gida zai san ya yi manomi.