Cutar yaushin tumatir: ƙara ruwa ba ya warkar da ita

Tun bayan farin shekarar 1984, noman rani ya zama babban abin dogaro a Dawce da sauran garuruwan ƙasar Matamaye. Da kuɗin tumatir magidanta da yawa suke sayen hatsi idan rumbu ya ƙare. Saboda haka cutar da ta taɓa tumatir ta taɓa tukunyar gida.

A garake mukan ga tumatir ya yi yaushi da rana, da dare ya farfaɗo. Mai garka sai ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Bayan ƴan kwanaki shukar ta bushe.

Sau da yawa wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna, wadda malaman gona suke kira fuzariyom. A cikin ƙasa take zaune, tana iya yin shekaru da yawa. Tana shiga ta saiwa, ta toshe hanyoyin da ruwa yake bi zuwa ganye. Ta fi ƙarfi idan zafi ya fara.

Yaya za mu gane ta? Ganyen ƙasa ne yake fara yin rawaya, sau da yawa a gefe ɗaya na shukar. Idan muka tsaga karan da wuƙa, za mu ga cikinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa.

Feshi ba ya warkar da shukar da ta kamu. Ga abin da za mu yi:

1. Mu tumɓuke ta har saiwa, mu ƙone ta a wajen garka. Kada mu zuba ta cikin taki.
2. Kada ruwan fangalin da ya kamu ya gangara zuwa mai lafiya.
3. Mu wanke hauya da wuƙa kafin mu shiga wani fangali.
4. Mu yafa iri a wurin da ba a taɓa shuka tumatir ba.
5. Mu hutar da wurin daga tumatir shekara 4 ko 5, mu sa albasa, kabeji ko masara. Wannan yana rage cutar, ko da bai kawar da ita duka ba.
6. Mu nemi iri mai jurewa, kamar Roma VF. Harafin F na cikin VF a jikin takardar iri yana nufin wannan cuta.

Ƴan'uwa, tun da mun iya karatu, mu duba takardar iri kafin mu biya kuɗi. Wanda ya ga alamar cutar ya sanar da malamin gona da maƙwabtansa. Rigakafi ya fi magani.