Peaky Blinders: abin da ya raba kan masu kallo game da Tommy Shelby

Ko wanda bai taɓa kallon Peaky Blinders ba ya san fuskar jarumin: mutum mai hula da doguwar kwat, da taba a baki, wanda matasa ke sa hotonsa a WhatsApp da TikTok. Tashar BBC ce ta fara nuna shirin a 2013, ya ƙare a 2022 bayan zango 6 da kashi 36, kuma Netflix ya kai shi ƙasashe da dama. Har yanzu masu kallo na jayayya a kansa, musamman kan tambaya ɗaya: shin Tommy Shelby gwarzo ne ko mugu?

Labarin ya fara ne a 1919 a birnin Birmingham na Ingila. Tommy, wanda ɗan wasan Ireland Cillian Murphy ya fito a matsayinsa, ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa, ya ɗauki ragamar gungun 'yan gidansu. Da cacar tseren doki suka fara, sai akwatunan bindigogin da aka sato daga masana'anta suka faɗo hannunsu. Daga nan harkar ta koma fasa-ƙwauri. Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, Tommy kuwa ya riƙa ɓoye kwalabe a cikin kayan motocin da yake fitarwa ta teku. A kashin farko na zango na ƙarshe labarin ya koma tsibirin Miquelon, mallakar Faransa kusa da Kanada, wanda a tarihi ma yankinsa ya zama matattarar masu safarar giya a wancan zamani.

Masu yaba shirin suna cewa ya nuna yadda haramci ke buɗa wa 'yan fasa-ƙwauri kasuwa, da yadda 'yan sanda da 'yan siyasa ke cin rabonsu. Mazauna bakin iyaka da suka ga yadda kasuwar shinkafa da fetur ta koma bayan fage lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a 2019 ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. Suna kuma jinjina wa yadda aka nuna tabon da yaƙi ya bari a zukatan sojoji, domin Tommy ba ya iya barci sai da ƙwaya. Shirin ya ci kyautar BAFTA a 2018.

Masu suka kuwa na ganin an yi wa laifi kwalliya. A cewarsu, kyawun tufafi da kiɗan zamani da tafiyar ƙasaita sun rufe jinin da ake zubarwa, har yaro ya ɗauka cewa rashin imani shi ne mazantaka. Wasu 'yan Birmingham sun koka cewa karin harshen wasu 'yan wasan bai yi kama da nasu ba. Zango na 6 ya sha suka kan jan labari, kuma da yawa sun ce ya yi rashin Polly, gwaggon da ke tsawata wa Tommy, bayan rasuwar Helen McCrory a 2021.

A nan ne tarihi ke da abin faɗa. Gungun Peaky Blinders ya wanzu da gaske, amma tashensa ya kasance daga wajajen 1890 zuwa kafin yaƙin 1914, ba bayan yaƙin ba. Iyalan Shelby ƙirƙira ce ta marubucin shirin, Steven Knight. Masanin tarihin Birmingham Carl Chinn, wanda kakan mahaifinsa Edward Derrick yana cikin irin waɗannan 'yan daba, ya bayyana su a matsayin masu ƙwace da dukan talakawan unguwarsu, kuma ya ce kakan nasa ɓarawo ne mai dukan matarsa. Ya kuma musanta labarin ɗinka reza a bakin hula, domin a lokacin reza tana da tsada. Billy Kimber, wanda Tommy ya harbe a zangon farko, mutum ne na gaske, shi ne ma ya mamaye harkar filayen tseren doki, kuma rashin lafiya ce ta yi ajalinsa a 1945.

Shi kansa shirin bai saka wa Tommy da alheri ba. An kashe matarsa Grace da harsashin da aka nufe shi da shi, an kashe ƙanensa John, 'yarsa Ruby ta mutu da tarin fuka, kuma kujerar majalisar da ya samu ba ta kawo masa kwanciyar hankali ba. Gajerun bidiyon da ke yawo a waya ba sa nuna wannan ɓangare. Iyayen da ke ganin hoton mai hular a wayar 'ya'yansu za su iya farawa da tambayarsu ko sun kalli labarin har ƙarshe, da abin da ya rage wa Tommy bayan duk dukiyar da ya tara.