Masu Haɗa Jita a Granada

A birnin Granada da ke kudancin Sifen, kan hawan Cuesta de Gomérez mai kai mutum fadar Alhambra, akwai shagunan masu haɗa jita da hannu. Al'adarsu ita ce ba a yi wa katako gaggawa. Gwani zai saye shi ya jera a ɗaki shekara da shekaru har ya bushe ƙamas, sau da yawa ma abin da uba ya ajiye ɗa ne ke yankawa.

Hankalinsu duk yana kan allon fuskar jita. Mai sana'a zai riƙe allon da yatsu biyu kusa da kunne, ya ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa, ya kasa kunne. In amon ya mutu nan take, a ture shi gefe. Wanda ya yi zaƙi sai a kankare shi har kaurinsa ya gaza milimita 3, a manna masa siraran itatuwa ta ciki, a baje kamar mafici. Wanda ya kyautata wannan tsari shi ne Antonio de Torres, mutumin Almeriya, wanda a 1862 ya haɗa jita mai baya da gefe na kwali don ya nuna cewa daga fuska amo ke fitowa. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona.

Da itacen abeto na duwatsun Turai aka saba yin fuska, kafin José Ramírez na uku ya yayata jan cedro na Arewacin Amurka a shekarun 1960, kuma har gobe ana musu kan wanda ya fi. Baya da gefe na itacen palosanto ne. Na Burazil aka fi so, amma tun 1992 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, sai aka karkata ga na Indiya. Masu kiɗan filamenko kuwa itacen ciprés na gida suka riƙe, don da can shi ne mai araha. Baƙin katakon da yatsu ke danna tsirkiya a kansa galibi daga Afirka yake zuwa, musamman Kamaru, kuma dangin kanya ne.

Aikin ƙarshe shi ne mai cin rai. Ana narka ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa a Indiya, a tsoma ƙullin tsumma, a yi ta shafa wa jitar a hankali mako bayan mako. Fentin kamfani ya fi shi jure gumi da karcen farce nesa ba kusa ba, amma gwanayen Granada sun ce danne amo yake yi.