Aliyu Gusau: Jami'in leƙen asirin da ya koma ɗakin karatu, da tarihin da ya haɗa shi da Daura

Ranar 27 ga Agusta, 1985, ana cikin hutun Babbar Sallah, sojoji suka kifar da gwamnatin Manjo Janar Muhammadu Buhari. Mataimakinsa Tunde Idiagbon yana ƙasa mai tsarki a lokacin. An tsare Buhari a Benin har zuwa ƙarshen 1988. A Daura, inda aka haife shi kuma aka binne shi a watan Yulin 2025, dattawa ba su manta da wannan rana ba, kuma da wuya a yi hirarta ba a ambaci sunan wani hafsa daga Gusau ba.

Aliyu Mohammed Gusau ba mutum ne mai yawan magana ba. An haife shi a 1943, ya shiga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wato NDA, a 1964, shekarar da aka buɗe ta. Ya zama hafsa a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Daga 1979 zuwa ƙarshen 1983, kusan duk tsawon mulkin Shehu Shagari, shi ne daraktan leƙen asirin rundunar sojan ƙasa. Aikin wannan ofishi shi ne sanin abin da ke gudana a barikoki da kan iyakoki kafin ya fito fili: wa ke ganawa da wa, ina makamai suka nufa, wace bataliya ce ke gunaguni.

Da Buhari ya hau mulki, sai aka ɗauke Gusau daga wannan kujera aka tura shi kwas a Kwalejin Nazarin Tsaro ta Landan. Hukumar tsaron cikin gida ta lokacin, NSO, tana hannun Muhammadu Lawal Rafindadi, mutumin Katsina, kuma Doka ta 2 ta 1984 ta ba gwamnati ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba. Shekaru da yawa bayan haka, Buhari ya faɗa a wata hira cewa matakin da yake shirin ɗauka a kan Gusau yana cikin dalilan da suka sa aka hamɓarar da shi. Janar Ibrahim Babangida kuwa, a jawabinsa na karɓar mulki, cewa ya yi gwamnatin ta yi tsauri kuma NSO ta wuce gona da iri. Kowane ɓangare yana da masu gaskata shi har yau.

Abin da babu gardama a kansa shi ne abin da ya biyo baya. Babangida ya miƙa wa Gusau riƙon NSO, kuma a 1986 aka rushe ta aka raba aikinta gida uku: SSS, wadda aka fi sani yanzu da DSS, don cikin gida, NIA don ƙasashen waje, DIA don harkokin soja. Gusau ne aka naɗa ya riƙa haɗa kan ukun. Hikimar ita ce kada hukuma ɗaya ta tara duk sirrin ƙasa a hannunta, kamar yadda NSO ta yi tun da aka kafa ta a 1976 bayan kisan Janar Murtala Muhammed. Wannan tsari na 1986 shi ne Najeriya ke tafiya a kansa har gobe.

Wani abin lura: a 2015, da Buhari ya dawo mulki ta hanyar zaɓe, ɗan garinsu Lawal Musa Daura ya ɗora a kan DSS, ɗaya daga cikin hukumomin da aka fitar daga NSO ɗin da aka rushe bayan faɗuwarsa. Lawal Daura ya riƙe ta har 7 ga Agusta, 2018, ranar da jami'an hukumar rufe da fuskoki suka tare ƙofar Majalisar Dokoki ta Ƙasa, muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sallame shi. An raba hukumar gida uku, amma tambayar wa ke sa ido a kan masu sa ido ba ta tafi ko'ina ba.

Komawa aji

A 1992 Gusau ya koma NDA, wannan karon a matsayin kwamandanta. Mutumin da ya shafe shekaru yana tattara bayanan da ba a faɗa, yanzu shi ke da alhakin abin da za a koya wa matasan hafsoshi. Makarantar ta riga ta fara ba da digiri tun 1985, don haka ɗalibi yana haɗa fareti da harbi da darussan tarihi da kimiyyar siyasa. Bai wuce shekara guda a can ba. A 1993 ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, sannan babban hafsan sojan ƙasa na 'yan watanni, kafin Janar Sani Abacha ya yi masa ritaya a watan Nuwamba.

Sauran muƙaman sanannu ne: mai ba da shawara kan tsaro ga Obasanjo daga 1999 zuwa 2006, ga Jonathan a 2010, sai ministan tsaro daga 2014 zuwa 2015, lokacin da Boko Haram ke riƙe da garuruwa a Arewa maso Gabas.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne Cibiyar Gusau da ya kafa a Kaduna, mai ɗakin karatu da bincike kan tsaro da mulki, inda ake shirya tarukan ƙara wa juna sani. A Amurka da Ingila abu ne da aka saba, jami'in leƙen asiri ya yi ritaya ya shiga jami'a, ya rubuta littafi. A nan, akasari jami'i yakan tafi kabari da abin da ya sani, ko kuma ya tsaya ga hirar zaure da aminai. Ba wai makarantun ne babu ba: akwai Kwalejin Jaji, akwai Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a Abuja, akwai cibiyar Kuru kusa da Jos. Sai dai kusan duk ƙofofinsu a buɗe suke ga manyan jami'ai kawai. Ɗalibin jami'a ba ya shiga, shi kuwa ɗakin karatu kowa na iya neman izini ya zauna.

Amfanin wannan ga yanki irin na Daura a fili yake. Masarautar tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, ta Kongolam da Mai'aduwa ake shige da fice kullum, dangi a nan dangi a can. A farkon watan Mayun 2019 'yan bindiga suka shigo har cikin garin suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a lokacin da ɗan garin ke shugabancin ƙasa kuma ake ganin babu inda ya kai nan tsaro. Sai bayan wata biyu jami'ai suka kuɓutar da shi a Kano. Waɗanda suka yi aikin sun san yadda aka bi sawu, da inda aka yi sakaci tun farko. Ko an rubuta wannan don hakimi ko ɗan sandan da za a turo gobe ya karanta, shi ne abin tambaya.

Akwai kuma iyakar abin da tsohon jami'i zai iya koyarwa. Rantsuwar riƙe sirri ba ta ƙarewa da ritaya, kuma wanda ya kasance cikin lamari yakan ba da labarin ta inda ya fi masa daɗi. Babangida ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa a watan Fabrairun 2025, aka yi ta muhawara a kai. Buhari ya rasu bayan wata biyar. Cikin manyan da suka san abin da ya faru a watan Agustan 1985, Gusau, wanda ya haura shekara 80, yana cikin 'yan kaɗan da suka rage.