Yadda Kamfani Ke Gina Dogon Bene a Tsakiyar Birni

 

Mu 'yan ajin ƙarshe, a littafin bana mun zaɓi yin magana a kan dogayen benaye. Duk wanda ya hau mota daga nan Ntoum ya shiga Libreville ya bi ta bakin teku, ai ya ga gine-ginen bankuna da na kamfanonin man fetur. Daga cikin yayyenmu akwai magina, akwai masu ɗaurin rodi, akwai masu dakon siminti. To shi ne muka ce bari mu san abin da ke cikin aikin nan da suke fita dominsa tun asuba.

Da farko, me ya sa kamfani zai hau sama, alhali ga fili a bayan gari? Dalili na ɗaya tsadar fili ne a tsakiyar birni. In ka sayi ƙaramin fili ka ɗora hawa ashirin, kamar ka sayi fili ashirin ke nan. Na biyu, ana so ma'aikata su taru wuri guda, kusa da bankuna da ofisoshin gwamnati. Na uku kuwa suna ne: a hango ginin daga nesa a ce wane kamfani ya kafu.

Abu biyu ne suka buɗe wannan hanya. A 1854 wani Ba'amurke mai suna Elisha Otis ya nuna wa jama'a a birnin New York lif mai birki, wanda ko igiyarsa ta tsinke ba zai faɗo ba. Sannan a 1885 aka gama ginin wani kamfanin inshora a Chicago mai hawa 10, wanda ƙarafuna ne ke ɗauke da nauyinsa, ba bango ba. Yau ga Burj Khalifa na Dubai da mita 828, ga benen agogo na Makka da mita 601, wanda alhazanmu suke ba mu labarinsa.

Aikin kansa daga ƙasa yake farawa. Injiniyoyi sukan haƙa rami su auna ƙarfin ƙasar. In ta yi laushi, kamar yadda ake samu kusa da teku, sai a kafa ginshiƙan kankare su nutse har su taɓa wuri mai tauri. Daga nan a tayar da cibiyar ginin, wato ɗakin kankare mai kauri da ke tsakiya, inda lif da matakala suke. Ita ce ke riƙe benen in iska ta taso. Duk kankaren da aka zuba ana ɗibar kaɗan a ajiye, bayan kwana 28 a matse shi da na'ura a ga ko ya kai ƙarfin da aka tsara. A nan wajenmu akwai ƙarin matsala: ruwan sama yana da yawa, iskar teku kuma gishiri gare ta. In kankare bai rufe rodi sosai ba, tsatsa za ta cinye shi daga ciki ba wanda ya gani. Bayan haka ga famfon tura ruwa sama, ga janareta, ga matakalar gudu in gobara ta tashi.

Kada mu ɗauka abin ya yi mana nisa. An san Ntoum da dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, kuma ruwan famfon da Libreville ke sha yawancinsa daga nan ake tace shi a tura. Kun ga ke nan garinmu yana da hannu a ciki.

Sai dai tsawo ba ya hana ƙaddara, ba ya kuma rufe sakaci. Cocoa House na Ibadan, mai hawa 26, da kuɗin koko aka gina shi, aka gama a 1965, amma gobara ta cinye shi a Janairun 1985, sai da aka yi shekaru kafin a sake buɗe shi. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum sama da 40 suka rasu, yawancinsu leburori irin yayyenmu. A Kano kuma iyayenmu sun san dogon benen Bankin Arewa da ke kan titin Zariya, wanda ake kira Gidan Ahmadu Bello. A 2006 bankin ya haɗe da wasu takwas aka sami Unity Bank. Ginin na nan tsaye, sunan bankin kuwa ya wuce.

Da muka kai wa Malam wannan rubutu, ya tuna mana ƙissar Fir'auna da ya umarci Hamana ya gina masa dogon gini saboda girman kai. Ya ce gini ba laifi ba ne, niyya da amana su ne abin dubawa. Wanda ya rage buhun siminti ɗaya ya sa a aljihu, wallahi rayukan mutane ya yi wasa da su.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu, a bar mu mu haɗa allo da lissafi. Injiniyan da ke auna ginshiƙi da mai zanen gini duk daga aji suka fara. Muna kuma roƙon yayyenmu masu hawa sama, don Allah a sa hular kwano, a ɗaura igiyar tsaro, ko da zafi ya yi yawa. Ana jiranku a gida.

Allah Ya tsare mana su, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya sa mu gama lafiya. Amin.